Ramar da Na Shuka a Ruwa

A sanyin shekarar da Yaya ta yi laulayi mai tsanani, ban iya zama a kujera har in gama shafi biyu ba. Ni da aka sani da karatu, wadda ake mantawa da ita a ɗaki sai an zo kiran cin abinci, sai ga ni ina tashi in leƙa falo, in dawo in zauna, in sake tashi. Muna zaune a hawa na uku na wani tsohon gini a titin Grand Concourse, a unguwar Bronx ta birnin New York, ni da Yaya da mijinta. Shi mutumin Maraɗi ne, yana tuƙa tasi daga la'asar har gari ya kusa wayewa. Ni kuma da safe ina jera littattafai a laburaren kwalejinmu, da yamma in shiga aji, ba na dawowa gida sai an daɗe da yin isha.

Yaya ba ta riƙe komai a cikinta. Shayi, biskit, farar shinkafa, kunun gyaɗa, duk abin da ta haɗiya sai ya dawo. Awarwaronta da a da sai da sabulu ake cire shi, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Likitar da ke yi mata awo ta ba ta magani, sannan ta faɗi wani nauyi, ta ce duk ranar da sikeli ya nuna ƙasa da shi za su ba ta gado su sa mata ƙarin ruwa. A jirgin ƙasa na layin D da muke dawowa, Yaya ta riƙe hannuna har ya yi zafi. A asibitin nan ne cikinta na farko ya zube, ita kaɗai a ɗaki, da Turancin da bai kai ta ce a kira mata wani ba. Ta ce mini ba za ta sake kwana a can ba sai ranar haihuwa.

Wadda ke zama da ita idan mun fita ita ce Hajiya, maƙwabciyarmu da ƙofarta ke kallon tamu. 'Yar Zangon Kumasi ce, ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu har ita ma ta tsufa ta ajiye. Tana shigowa da rana da carbinta da 'yar dardumarta, ba ta tafiya sai ta ji mabuɗina a ƙofa.

Abu ɗaya Yaya take ambato, kwaɗon rama. Mijinta ya je kantin 'yan Nijar a titin 116 ya sawo busasshiya. Hajiya ta jiƙa, ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta kawo a ɗan kwano. Yaya ta sunsuna ta kau da kai.

"Wannan ai tsumma ne, Hajiya. Ɗanya nake so, wadda aka tsinko yau, mai tsamin nan da ke kama haƙori."

"Ɗanyar rama, a Bronx, ga sanyi ya kama," in ji mijinta. "Sai dai in cika tanki in tuƙa zuwa Maraɗi."

Ya zagaya duk da haka. Ya je kantunan 'yan Ghana, ya je na Indiyawa a Queens inda aka ce suna sayar da wani ganye mai kama da ita, kowa ya ce masa sai zafi ya dawo. Hajiya tana da ɗan fili a lambun unguwa, inda ake yanka wa mutane wuri kamar faɗin tabarma biyu, tana shuka rama da kuɓewa duk lokacin zafi. Ta ɗauko irin da ta adana a wata kwalbar magani ta girgiza mini shi a kunne.

"Iri dai ga shi. Ƙasa ce ta daskare. Sai Mayu."

Na karɓi kwalbar ban san abin da zan yi da ita ba. Washegari a laburare, bayan na gama jera keken littattafan da aka dawo da su, na zauna a kwamfutar da ke can lungu na nemi yadda ake shuka a ɗaki ba tare da ƙasa ba. Akwai hanya. Ana rataye tsiro a saman ruwa, saiwoyinsa su sauka ciki, a zuba taki na ruwa, a kunna masa fitila a madadin rana. Sai dai kusan duk bidiyon da na buɗe masu noman tabar wiwi ne suke bayani, maza masu gemu a cikin ɗakuna masu wani irin haske tsakanin ja da shuɗi. Na rage hasken allon, na sa abin ji a kunne, ina waiwaye ko wani zai wuce ya ga 'yar hijabi tana koyon wannan sana'a. Na kalla har na gane fasalin abin, amma kowa da yadda yake faɗa, kuma ba ni da lokacin gwaji in lalata in sake.

Kowa a gininmu ya san tagar hawa na biyar. Irin wancan hasken ne ke fitowa daga gefen labulenta. Mai ɗakin wani dattijo ne ɗan Puerto Rico, tsohon makanikin bas, gwiwoyinsa sun lalace. Tun da doka ta yarda baligi ya shuka wiwi 'yar kaɗan a gidansa ya daina ɓoyewa. Mazan da ke wucewa masallaci sukan ɗaga kai su dubi tagar su ce Allah ya shirya. Ni ban taɓa ce masa ko ina kwana ba. Na hau har ƙofarsa na sauko ba sau ɗaya ba. Ranar da na ƙwanƙwasa, hannuna ne ya riga ni yanke shawara.

Ya buɗe, ya dubi hijabina, ya dubi kwalbar da ke hannuna. Matarsa tana zaune a falo tana kallon talabijin, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Na yi masa bayani da Turanci, muryata tana shigewa ciki.

"Wiwi kike son shukawa, 'yar makaranta?"

"A'a. Ganye ne na ci. Yayata ce ba ta da lafiya."

Na nuna masa hoton rama a waya, ganyenta mai yatsu biyar. Ya kawo wayar kusa da fuskarsa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan ai 'yar uwar tawa ce. Kin tabbata ci kawai ake yi?"

Na tsaya a bakin ƙofa, shi kuma ya buɗe kabad ɗin da ya mayar lambu ya nuna mini daga nesa. Akwatin roba ne mai murfi, an huda murfin, tsirrai suna tsaye a ramukan, ruwa yana ɓulɓula a ƙasa. Ya ce kada in sayi komai mai tsada. Ya ara mini tsohuwar fitilarsa, da wani ɗan agogo da ake sawa a soket mai kunna wuta ya kashe da kansa, ya zuba mini taki a ƙananan kwalabe biyu, ya haɗa da sirinji marar allura na awo.

"Ganye kike so, ba fure ba," in ji shi. "To ki ba su dogon yini. Su ɗauka kullum tsakiyar zafi ake."

Da na shigo gida da kayan, Yaya tana kwance a doguwar kujera. Ban kai tsakiyar falo ba ta toshe hanci.

"Ina kika je?"

"Sama."

"Wajen mai wiwi?" Ta ɗago kai ta dube ni sosai. "Ke? Ke da ba ki iya tambayar mai kanti canji?"

Ta yi dariya, karo na farko cikin makonni, sannan ta jawo bokiti. Daga ranar, duk sanda na hau sama sai in ajiye wani hijabi a jaka in canza a kan bene kafin in shigo.

Akwatin da muke ajiye zannuwan gado a ƙarƙashin gadona na zazzage. Na auna murfin da rula, na zana da'ira goma sha biyu da fensir, na goge na sake saboda layi ɗaya ya ɗan karkace. Ba mu da injin huda, sai na yi abin da na ga ana yi a gida: na ɗora gwangwanin tumatir a kan wuta har bakinsa ya yi ja, na kama shi da filaya na danna a kan robar. Ramin farko ya fita tas. Warin robar da ta narke kuma ya isa falo kafin in ɗaga gwangwanin, na ji Yaya tana kakari. Dole na fitar da murfin kan matakalar ƙarfe ta bayan tagar kicin, na rufe tagar. Sai aikin ya koma gudu: in ɗora gwangwani a wuta, in buɗe taga, in fita, in rufe, kafin in saita shi a kan da'irar iska ta huce shi, in dawo in sake ɗorawa. Yatsuna sun mutu da sanyi, gumi kuma yana bin bayana. Ramuka biyu sun fita a karkace, har yau idan na tuna su sai in ji wani abu a raina.

Kofunan yogot na tara na huhhuda da ƙusa mai zafi, na yanka soson wanke-wanke gunduwa-gunduwa na sa a ciki, kowane soso da ƙwayar iri biyu. Na naɗe akwatin da baƙar ledar shara don kada haske ya shiga ruwan ya yi gansakuka. Saura ɗan injin da ke hura iska a tankin kifi, shi na je saya a kantin dabbobi. Mai kantin ya tambaye ni wane irin kifi nake kiwo, na ce ba kifi ba ne, na karɓi ledata na fita da sauri kafin ya ƙara wata tambayar.

Na kafa abin a ɗakina kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, na rataye fitilar a jikin sandar da na gitta tsakanin kabad da kantar littattafai. Na saita agogon ya kunna da asuba, kada ya kashe sai dab da lokacin da nake dawowa daga aji. Da na kunna, ɗakin duka ya rine, littattafaina da bango da tafin hannuna. Mijin Yaya ya leƙo yana ɗaura agogonsa zai fita aiki.

"Malama, an buɗe kamfani ke nan."

"Rama ce fa."

"Ni na san rama ce. 'Yan masallaci ne ba su sani ba. A rufe tagar nan da kyau, kada gobe a ce bamaraɗe ya bar tasi ya kama sana'ar sama." Ya ɗauko wani bargo mai kauri ya kafa da ƙusa a kan labulen. "Kuma in kuran ya ɗauke, ginin nan ya koma duhu, ni ban san ki ba."

Irin ya tsaga cikin 'yan kwanaki. Na ɗaga kofi ɗaya na ga farar saiwa kamar zare ta ratso soson tana neman ruwa, na mayar da shi a hankali kamar na ɗaga jariri. Daga nan hankalina ya rabu biyu. Ina jera littattafai ina tunanin ko ruwan ya ja baya. Malami yana rubutu a allo ni ina lissafin ko takin da na zuba ya yi yawa. A jirgi ba na zama ko da akwai wuri, ina tsaye a bakin ƙofa kamar tsayuwar za ta sa ya yi sauri. In na shigo nakan tarar da ɗakin da duhu, kamar yadda na saita, injin iska yana ta gurnaninsa. Sai in haska waya in duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in cire takalmi.

Ranakun Asabar da Lahadi da nake gida, Yaya takan dafa bango ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin. Ƙamshin ɗanyen ganyen shi kaɗai ne ba ya tayar mata da zuciya. Wata rana ta miƙa hannu za ta tsinki ɗan ganye, na riƙe mata wuyan hannu.

"Yaya, bari su ƙara girma. In kika tsinka yanzu za su tsaya."

"Ɗaya tak."

"Don Allah."

Ta janye hannun, ta koma falo. Ƙashin wuyan hannunta ya daɗe a tafina bayan ta tafi. Na zauna a bakin gado, na tashi, na sake auna ruwan da na riga na auna da safe.

A awon da ya biyo baya sikeli ya matso kusa da nauyin da likita ta faɗa. Likitar ta dube ta ta saman tabarau ta ce ta gajarta tazarar zuwa awo, su dawo ba da daɗewa ba.

A makon ne na lura ramar ta daina tsawo. Ta kai kamar kamu ɗaya ta tsaya. Sababbin ganyen da ke fitowa a sama sirara ne kamar yatsun yaro, ba masu faɗin da nake jira ba, kuma a hammatar kowane ganye wani ɗan ƙulli ya fito. Na canza ruwan gaba ɗaya. Na rage taki, na ƙara. Na ɗaga fitilar, na sauke ta. Ranar wata Asabar da safe na tarar ƙulli ɗaya ya buɗe, fure mai launin man shanu, tsakiyarsa ja wur.

"Masha Allah," in ji Hajiya da ta shigo gaishe mu. "Ka ga kyau."

Ni kuwa ban ga abin murna ba. Ko a gida na san rama ba ta fure sai damina ta zo ƙarshe, kuma daga nan an gama da zancen ganye.

Na hau sama ban tsaya canza shawara ba. Dattijon ya ce sai ya gani da idonsa. Ya sauko benen yana dafe da ƙarfe, yana zagin gwiwoyinsa da yarensu. Hajiya ta tare shi a bakin ƙofa ta nuna masa takalminsa, ya cire ba musu. Yaya ta ja mayafi ta rufe hanci. Ya shiga ɗakina ya sunkuya, ya ɗaga kofi ya dubi saiwoyin, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya murza wani ƙulli tsakanin yatsunsa.

"Dogon dare kike ba su."

"A'a. Ga agogon."

"Ni in ina son nawa su yi fure, daren nake tsawaita musu. Sai su ɗauka sanyi ya taho, su bar yin ganye su ruga yin iri kafin su mutu. Naki ma abin da suka ɗauka ke nan." Ya zare agogon ya jujjuya shi, ya kai kunne. "Wannan daidai yake. To wani ne yake kashewa."

"Ni ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa, da Turancinta na Ghana, ba ko alamar damuwa. Sannan ta juyo gare ni ta ci gaba da Hausa. "A ɗakin nan nake magariba da isha, falo akwai talabijin. Zan tsaya gaban Ubangiji a ƙarƙashin fitilar gidan rawa? Sai in danna makunnin in kashe."

"Hajiya, in kin idar ba kya kunnawa?"

"In kunna musu wuta da dare? Tsiro ma halitta ne. Magariba ta yi, kaza ta shiga akurki, kowa ya kwanta, su kuma an tsare su da fitila kamar ɓarayi a ofishin 'yan sanda. Tausayinsu nake ji. In na ji mabuɗinki sai in mayar da makunnin yadda yake don su tashi da asuba."

A watan Disamba a New York, ana kiran magariba tun yara ba su gama dawowa daga makaranta ba. Ga bargon mijin Yaya a taga, ga ƙofa a rufe. Duk ranakun da nake aji ina lissafin taki, ramata tana cikin duhu tun yamma.

Na dubi Yaya. Ta sauke mayafin daga hancinta kaɗan.

"Na sani," ta ce. "Na ɗauka hutu ne."

Akwai maganganu da yawa a bakina, amma Hajiya ta girmi mahaifiyarmu, kuma ita ce ke wanke bokitin Yaya kullum ba tare da an roƙe ta ba. Na ce, "To, Hajiya." Na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwan yana zuba.

Da na fito dattijon yana sa takalminsa. Ya ce in tsinke furannin da ƙullayen duka, in mayar musu da dogon yini, wataƙila su koma yin ganye, amma sai an yi makonni.

"Awon yayata cikin makon nan ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "In nawa ne, jira zan yi. Amma ni ba ni da mai ciki a gida."

Na sa rigar sanyi na fita. Na bi Grand Concourse na miƙe har na wuce tashar jirgi biyu, na juyo, na wuce ƙofar gininmu ban shiga ba, na sake juyowa. In na jira, wataƙila a samu ramar da za a yi ta tsinka har haihuwa, amma Yaya za ta hau sikeli da cikin da babu komai. In na tsinke yanzu, an gama da tsirran, kuma babu tabbacin abin da za a samu zai zauna a cikinta. Iska tana yanka kunnuwana ta cikin hijabi. A gaban wani kantin wanki na tsaya ina kallon tufafin mutane suna juyawa a inji, na ga dai ba zan iya sake riƙe mata wuyan hannu ba.

Na dawo na ɗauko babbar roba da almakashi. Na bi su kofi kofi, manyan ganyen ƙasa da siraran sama, har 'yan tohon da ba su gama buɗewa ba. Ban bar komai ba sai kara da furanni. A cikin robar abin ya yi tudu, har na ji daɗi. Hajiya ta karɓa ba ta dube ni ba, ta wanke, ta zuba a tafasasshen ruwa. Ina tsaye a kanta na ga tudun yana lotsawa, koren yana komawa ruwan ƙasa, har abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu ba.

"Kada a zubar da ruwan," Yaya ta ce daga falo. "Tsamin nake so."

Hajiya ta tsiyaye ruwan a kofi ta ajiye. Ta shimfiɗa tawul a ƙasa ta ɗora ɗan turminta a kai, don kada mutanen hawa na biyu su fara buga mana silin da sandar tsintsiya, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji. Ta yanka albasa siri-siri, ta ɗiga man gyaɗa, ta barbaɗa gishiri, ta cakuɗa da hannu. Mijin Yaya ya riga ya sa hula zai fita, sai ya zauna a hannun kujera da mabuɗin mota a hannu.

Yaya ta tashi zaune. Ta sunsuna kwanon, muna jira ta kau da kai, ba ta kau ba. Ta ɗebo da yatsu uku ta kai baki, ta runtse ido, ta daɗe tana taunawa.

"Tsamin bai kai na gida ba," ta ce. Ta sake ɗebowa.

Ta cinye, ta suɗe kwanon da yatsa. Ni ina riƙe da bokiti a bayan kujera, Hajiya tana jan carbi, mijinta yana kaɗa ƙafa.

"Ku daina kallona kamar talabijin."

Muka kau da kai, muka dawo da shi. La'asar ta wuce, hasken taga ya fara ja, bokitin yana hannuna babu komai a ciki.

"Saura?" in ji ta.

"Babu, Yaya. Shi ke nan duka."

Ta dubi kwanon. Sai ta ce a kawo mata garin rogo, a jiƙa shi da ruwan ramar nan, a zuba ragowar ƙulin. Ta ci rabi. Shi ma ya zauna.

Ba zan ce ta warke ba. Washegari da safe ta yi amai kamar kullum. Amma da rana ta ci farar shinkafa da aka yayyafa wa ruwan tsamin, wanda Hajiya ta sa a firji tana auna mata da cokali kamar magani. Da ya ƙare aka koma lemon tsami da ƙuli, ta karɓa tana mita. Ni kuma na kasa cire injin iskar daga soket, ya ci gaba da ɓulɓula a ƙarƙashin karare goma sha biyu tsirara.

Ranar awo mijinta bai kwanta ba bayan ya dawo aiki, shi ya kai mu da tasi. A ɗakin jira na kasa zama, na karanta duk takardun da ke manne a bango har da na yaren da ban iya ba. Da aka kira ta na bi ta. Ta cire rigar sanyi da takalmi, ma'aikaciyar ta ce ta ajiye jakar ma, Yaya ta miƙo mini ita tana harararta. Ta hau. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Ba ta ƙaru ba, amma ba ta ragu ba, tana nan a saman layin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Likitar ta daɗe tana duban allon kwamfutarta. Ta tambayi abin da take ci yanzu, na fassara, Yaya ta lissafa mata da yatsu. Ta ce to mu tafi gida, amma mu dawo mako mai zuwa, kuma maganarta tana nan.

A baranda Yaya ta zauna a benci tana sa takalmi, mijinta ya durƙusa yana ja mata zif ɗin. Ta ɗago kai tana haɗiyar yawu, idonta a can wani wuri.

"Kun san abin da nake sha'awa yanzu? Ɗinya. Baƙa, nunanniya, wadda ta faɗo da kanta."

Mijinta ya juyo ya dube ni daga inda yake durƙushe.

"Malama, kin ji. Wannan karon bishiya ce. Sai a nemo babban akwati."